Duwatsun Murhu

A Asawase, bayan layin dogo,
muna ɗora bene a kan ɗakin shan magani.
Ni ke riƙe da jadawalin aiki.
Ofishina kwantena ce, tanda da rana,
kwamfutata ta tsage ta kusurwa,
cikinta wata manhaja
da ba ta taɓa taka yashi ba.

Abu uku ta sani a duniya:
yawan aiki, yawan kwana, yawan hannu.
Duwatsun murhu ne.
Ka janye ɗaya, tukunya ta karkata,
sai ta gusar da wani kada miya ta zube.
Tambayarta kullum ɗaya: wanne zan kafe?

Yaɓen bangon gabas,
awa ɗari uku da ashirin.
Magina huɗu, takwas-takwas, kwana goma.
Na kafe aikin.

Litinin sai ga Alhaji Ɗantani mai kwangila,
goro a kunci, makullin mota na juyi a yatsa.
Ya ce, Rahinatu,
sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ƙara huɗu.
Na ƙara.
Kafin ya tofar da tuƙa
shuɗiyar sanda ta tsuke, kwana biyar.
Ya yi dariya har wushirya ta fito.
Ban ce masa katakon hawa ɗaya ne ba,
huɗu yake ɗauka, na biyar sai addu'a.
Ban ce siminti ba ya jin Hausa,
ba ya jin Tonanci,
sai ya sha ruwansa ya bushe a kan lokacinsa.
Da ya ji kuɗin mutum takwas da sidi,
shi da kansa ya ce a mayar.

Laraba da hantsi wayar Fuseini ta yi ƙara.
Daga Bawku. Tsohuwa ta cika.
Ya bar cokali tsaye cikin kwanon sarki,
ko hannu bai wanke ba
ya nufi tasha.

Na cire sunansa.
Ba ta ce Allah ya jiƙanta ba.
Kwana takwas da suka rage
suka koma sha ɗaya saura kaɗan,
mai fenti ya matsa, mai waya ya matsa,
mai tayil, mai gilashi,
kamar an ja carbi ta ƙwaya guda,
har ranar buɗewa ta tsallaka wata.

Alhaji ya kira: ranar nan ba ta motsi.
To. Na saki aikin mutum, na kafe kwana.
Sha ɗayan nan ba ta mutu ba,
sauka ta yi daga kan kalanda
ta hau wuyan mutane:
awa sha ɗaya saura kaɗan, kowa, kullum.
Sunan Baba Mumuni ya yi ja.
Na Kwadwo ya yi ja, na Salifu ya yi ja.
Ja kawai take nufi: kaya sun fi mai ɗauka.
Ba ta san gwiwar Baba tana ƙara
tun damina biyu ba.

Ban ga laifinta ba.
Ƙarya ba ta yi, cin hanci ba ta ci,
ninkawa da rabawa ne sana'arta.
Gurbin dalili ne babu a jikinta.

La'asar hadari ya taso ta Aboabo,
wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.
Na leƙa ta ƙofar kwantena.
Baba Mumuni na durƙushe
yana ƙwanƙwasa kwanon Fuseini da guduma,
a hankali,
yana ɓamɓaro cokalin daga busasshen kwaɓi.
Ya wanke shi, ya goge da gefen riga,
ya rataye inda mai shi ke ratayewa.

Minti ashirin.
Na duba jadawali sama da ƙasa,
ban sami layin da zan sa su ba.